Yatsa da ido ma suna da haƙƙi a cinikin laftof

Mai sayen laftof a wajenmu tambayoyinsa sanannu ne: Core nawa ce, RAM ɗinta nawa, awa nawa take riƙe caji. Da wuya ka ji wanda ya ce a buɗe masa ya taɓa madannai, ko a fito da ita bakin ƙofa ya ga yadda fuskarta ke yi da hasken rana. Alhali akanta ko lauya ko ɗan jarida da waɗannan biyun zai wuni, yatsu a kan ɗaya, ido a kan ɗaya. Kuma a ƙananan laftof na ofis, masu inci 12 zuwa 14, nan ne kamfanoni suka fi yin tsimi, don sun san ba a cika dubawa ba.

Matsalar madannai a ƙaramar na'ura tsohuwa ce. Hannun mutum ba ya ƙanƙancewa don kwamfuta ta ƙanƙance. Tazarar da aka saba daga tsakiyar maɓalli zuwa na kusa da shi kusan milimita 19 ce, in aka matse ta sai kuskure ya yi yawa. A 1995 kamfanin IBM ya yi wa abin wata dabara a ThinkPad 701C: madannanta gida biyu ne, da an ɗaga murfi sai su zame su haɗe, har su ɗan zarce gefen jikinta. Ba ta daɗe a kasuwa ba, domin da fuskoki suka ƙara faɗi buƙatar ta kau, amma ta shiga gidan adana kayan fasahar zamani na New York.

Yau ba faɗi ake faɗa a kai ba, zurfi ne, wato nisan da maɓalli ke nutsewa in an danna. Tsofaffin ThinkPad irin su X220 ta 2011 suna nutsewa kusan milimita 2.5, yatsa ya ji ya isa ƙasa, maɓallin ya turo shi baya. Lenovo, wanda ya saye sashen da ke ƙera ThinkPad daga IBM a 2005, ya sauya fasalin madannan a 2012, kuma har yau akwai masu jin haushin haka. Sirantar jiki ta ci gaba da cin zurfin, har ThinkPad X1 Carbon ta koma milimita 1.5. A ganina nan ne iyaka. Ƙasa da haka, bugun rubutu kan zama kamar ƙwanƙwasa tebur.

Apple ne ya gwada wuce iyakar. A 2015 ya fito da MacBook mai inci 12 da madannan da ba su kai ko milimita ɗaya ba. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ƙarƙashi, harafi ya maƙale ko ya fito sau biyu. Kamfanin ya buɗe gyara kyauta a 2018, ya fara komawa tsohon tsari a ƙarshen 2019, sannan a 2022 ya amince da biyan dala miliyan 50 a wata shari'a a Amurka. Wannan fa a ƙasashen da ba su san hazon hunturu ba.

Fuska kuwa ita ce ta fi ruɗin mutane, domin suna ɗaya kan ɓoye kaya iri-iri. EliteBook 840 biyu, ko Latitude biyu, lamba ɗaya, injin ciki ɗaya, amma wannan tana da fuskar TN mai ɗigo 1366 a 768, waccan tana da IPS mai 1920 a 1080. Kamfanonin Turai da Amurka kan yi odar ɗaruruwa lokaci guda su zaɓi mai araha, kuma waɗannan laftof ɗin ne bayan shekara uku ko huɗu ke sauka Ikeja a matsayin gwanjo, su hauro Arewa. Gane su ba wuya. Ka buɗe farin shafi mai rubutu, ka tura murfin baya kaɗan, ka jawo shi gaba. In launi ya koɗe ko ya yi duhu, TN ce. IPS ba ta damu da inda ka tsaya ba.

Sai haske, wanda ake aunawa da nit. Mai 220 ko 250 ta wadatar a ofis mai labule. Wanda zai zauna kusa da taga ko a rumfa ya nemi 300 zuwa 400, kuma mara sheƙi, kada ya wuni yana kallon fuskarsa. Dawowar tsarin fuska na 16:10, kamar yadda X1 Carbon ta yi a 2021, ta ƙara ɗigo 120 a tsaye a kan 1080 ɗin, wato wasu layukan Excel ba tare da gangarawa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi gwanjo kaɗai. Wadda ta fito daga Faransa tsarin madannanta AZERTY ne, ta Jamus QWERTZ, sai mai shago ya liƙa sitika a kan haruffa. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya saba da AZERTY ya ci riba. Bakano kuwa in sitikar ta fara ɓanɓarewa zai ga Z inda yake neman W. Kafin a miƙa kuɗi a shafa maɓallan da farce, a danna kowanne ɗaya bayan ɗaya, har da Alt na dama, wanda wasu tsare-tsaren rubutun Hausa ke amfani da shi wajen fitar da ƙ da ɗ da ɓ.