Net2Phone: Yadda Hannun Jarin Dala 75 Ya Koma Dala 2

Duk wanda ya yi zamani da shagunan intanet na Kano ko Kaduna a farkon shekarun 2000, da wuya a ce bai taɓa cin karo da sunan Net2Phone ba. A can ɗalibi kan shiga ya kira wansa da ke karatu a Ingila ko Amurka, ya biya kuɗi kaɗan bisa ga abin da wayar NITEL za ta ci masa. Murya takan yanke, takan kuma makara kafin ta iso, amma dai ana jin juna. Abin da yawancin masu kiran ba su sani ba shi ne, a daidai wannan lokaci hannun jarin kamfanin yana ta zubewa a kasuwar Nasdaq ta birnin New York, bayan rububin da aka yi masa wanda ba a cika ganin irinsa ba.

Kafin mu shiga batun kasuwa, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya ja hankalin masu zuba jari. A tsarin wayar tarho na da, in mutum ya kira ƙasar waje, sai a keɓe masa layi guda tun daga gidansa har zuwa gidan wanda ya kira, ba mai amfani da shi sai an ajiye waya. Sa'an nan kamfanin ƙasar mai kira ya biya na ƙasar da aka kira ladan sauke kiran. Da yake a yawancin ƙasashe kamfanin gwamnati guda ne ke riƙe da waya, ba shi da abokin gasa, sai ya yanka ladan yadda ya ga dama. Ita kuwa intanet, sai ta daddatsa muryar mutum ƙunshi-ƙunshi, ta tura ta cikin ayarin sauran saƙonni, a can kusa da wanda aka kira wata na'ura ta harhaɗa ta, ta sa ta a layin gari. Watau an kewaye shingen da ake karɓar kuɗi mafi tsoka ke nan.

Wani kamfanin Isra'ila mai suna VocalTec shi ya fara fito da manhajar kira ta intanet a shekarar 1995, amma tilas sai mutanen biyu duk suna gaban kwamfuta. Net2Phone, wanda ya fito a 1996, ya ƙara taki guda, ya sa ana iya kiran wayar gida daga kwamfuta. Uwarsa ita ce IDT ta jihar New Jersey, wadda Howard Jonas ya kafa a 1990. Shi Jonas dama ya saba da irin wannan dabara, don kuwa da ita ya fara: mutum a ƙasar waje ya buga wata lamba ta Amurka ya katse, na'ura ta kira shi, sai a caje shi da farashin Amurka mai sauƙi.

A watan Yuli na 1999 aka kai Net2Phone kasuwa, aka sa hannun jari guda a kan dala 15. Cikin 'yan makonni farashin ya ninka fiye da sau 4, alhali kuwa kamfanin asara yake yi, bai kai ga cin riba ba. Lissafin masu saye ba wuya gare shi. Mutanen duniya suna kashe dukiya mai ɗimbin yawa kowace shekara a kan kiran nesa, in ɗan kamfanin nan ya yago ko da ɗan kaɗan daga ciki, ai ya zama ƙato. Ga kuma manya irin su America Online da Softbank da Yahoo sun sa kuɗinsu, sai ƙananan masu jari suka ce ruwa ba ya tsami banza.

A ƙarshen watan Maris na 2000 aka kai ƙololuwa. Kamfanin AT&T, wanda shi ne babban mai kiran nesa a Amurka, kuma shi ake cewa intanet za ta kashe wa kasuwa, ya jagoranci wasu abokan hulɗa suka amince su biya kimanin dala miliyan 1,400 don mallakar kashi 32 cikin 100 na Net2Phone, a kan dala 75 kowane hannun jari. Bisa wannan ciniki, darajar kamfanin ta haura dala miliyan 4,000. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan hannayen jarin daga wurin IDT aka saye su, saboda haka fiye da dala miliyan 1,000 aljihun uwar kamfanin suka shiga. Wani abin kuma, ma'aunin kasuwar Nasdaq ya riga ya kai iyakarsa tun ran 10 ga watan, inda ya tsaya a 5,048, daga nan ya kama gangara har ya faɗo ƙasa da 1,200 a watan Oktoba na 2002.

To, ina kuskuren yake? A ganinmu masu zuba jarin ba su yi kuskure game da fasahar ba. Lalle murya ta koma kan intanet kamar yadda suka hango, har ma fiye. Inda suka yi tuntuɓe shi ne zaton da suka yi cewa tsadar kiran nesa za ta tsaya cik tana jiran su zo su yi mata ragi. Tun a 1997 hukumar sadarwa ta Amurka ta ƙayyade iyakar ladan da kamfanoninta za su riƙa biyan na ƙasashen waje, ƙasashe da dama suka buɗe ƙofar gasa, aka kuma shimfiɗa wayoyin gilashi a ƙarƙashin teku fiye da bukatar lokacin. Farashin kira ta tsohuwar hanya ya rushe, ratar da Net2Phone ke cin abinci a cikinta ta tsuke. Ga shi kuma sana'ar ba ta da katanga: duk mai 'yan na'urori da layin intanet yana iya buɗe tasa. Wasu, irin su Dialpad, suka shiga ba da kira kyauta da fatan talla za ta biya. Shi kansa Net2Phone a shekarar 2000 ya shiga ba da kira kyauta a cikin Amurka ta manhajar hira ta Microsoft. Mai sayar da ruwa a bakin kogi kuwa, ko ya fi kowa iya talla, cinikinsa ba zai yi nisa ba.

Daga baya Skype ya fito a 2003, kira tsakanin kwamfuta da kwamfuta ya zama kyauta a ko'ina. Masu shi sun yi sa'a, eBay ya saye shi a 2005 a kan kimanin dala miliyan 2,600, Microsoft kuma ya biya dala miliyan 8,500 a 2011, sa'an nan ya rufe shi a watan Mayu na 2025. WhatsApp ya ƙara kiran murya a 2015, kuma ta nan ne a yau tsohuwa a ƙauye take gaisawa da ɗanta da ke Makka ba tare da ta san akwai wani abu wai shi kuɗin minti ba. Ribar da aka yi ta hange, aljihun masu kira ta faɗa.

Shi kuwa AT&T bai daɗe ba ya saki linzami, a 2001 ikon gudanar da Net2Phone ya koma hannun IDT. A 2006 IDT ta saye sauran hannayen jarin da ke hannun jama'a a kan dala 2 da santi 5 kowanne, ta fitar da kamfanin daga kasuwa. Wanda ya sayi hannun jari 100 a farashin farko ya biya dala 1,500, wanda ya saya a farashin AT&T ya biya dala 7,500, su duka in sun riƙe har ƙarshe dala 205 aka miƙa musu. Net2Phone bai mutu ba, yana nan ƙarƙashin IDT, sai dai ya bar neman ɗaiɗaikun masu kira, ya koma sayar wa ofisoshi da kamfanoni tsarin waya ta intanet, ana biyansa wata-wata.