Koya wa yara labarin da ke bayan taken Amurka

Yaro a Amurka kan haddace baitin farko na taken ƙasarsa tun kafin ya san abin da yake faɗa. In aka tambaye shi wane yaƙi ake nufi, sau da yawa sai ya ce na neman 'yancin kai. Nan ne malami ya kamata ya fara gyara. Ya ja layi a allo, ya rubuta 1776 a wannan gefe, shekarar da aka ayyana 'yanci, ya rubuta 1814 a ɗaya gefen, shekarar da aka rubuta waƙar. Shekara 38 ke tsakani, jariri ya isa ya zama magidanci.

Daga nan sai dalilin faɗan. Birtaniya tana fama da Napoleon na Faransa, tana tare jiragen kasuwancin Amurka a teku, tana kwashe ma'aikatansu ta tilasta musu aiki a rundunarta ta ruwa. A 1812 Amurka ta ƙaddamar da yaƙi. Wannan ya ishi yaro, ba sai an cika shi da sunayen janar-janar ba.

Sai a shimfiɗa taswira. A watan Agusta na 1814 sojojin Birtaniya suka shiga Washington suka cinna wa fadar shugaban ƙasa wuta, sannan suka nufi Baltimore. Abin da ya tare musu hanyar ruwa shi ne sansanin McHenry. Wani lauya, Francis Scott Key, ya je wurin Turawan Ingila neman a saki wani likita da suka kama. Suka yarda, amma suka hana Key da likitan komawa don sun riga sun ga shirin harin. Daga cikin jirgin ruwa Key ya kwana yana kallon ruwan bama-bamai, wanda aka fara ranar 13 ga Satumba aka shafe kusan awa 25 ana yi. Da gari ya waye ya hango tutar Amurka a kan sansanin, sai ya rubuta waƙar. Ka ga ke nan baitin farko tambaya ce ta mutumin da bai san ko an ci garin ba, kuma da zarar yara sun gane haka, sai rerawarsu ta canza.

Tutar kanta darasi ce. Mary Pickersgill ce ta ɗinka ta, tsawonta ƙafa 42, faɗinta ƙafa 30. A fita da yara filin makaranta da igiya su auna, su tsaya a kusurwoyi huɗu su hangi juna. Su ƙirga taurarinta, 15 ne kawai, su kwatanta da 50 na yau. Tana nan ajiye a gidan tarihi na Smithsonian.

Manyan ɗalibai kuwa kada a ɓoye musu sauran. Key yana da bayi, kuma baiti na uku, wanda ba a cika rerawa ba, ya ambaci bayi. A lokacin Birtaniya ta yi alkawarin 'yanta duk bawan da ya gudo wurinta, wasu ma sun ɗauki makami a ɓangarenta. A bar ɗalibai su yi muhawara a kai. Karin waƙar ma na Ingila ne, John Stafford Smith ya tsara shi don wata ƙungiyar mawaƙa a Landan. Waƙar ba ta zama taken ƙasa a hukumance ba sai ranar 3 ga Maris 1931, da Shugaba Herbert Hoover ya sa wa dokar hannu.