Alƙali mai jita, malami mai biram: abubuwan ban mamaki game da makaɗan Nijar

Ƙungiyar kiɗan da ta riƙe daren Yamai shekara da shekaru, wato Tal National, alƙali ne ya kafa ta. Sunansa Hamadal Issoufou Moumine, amma duk gari da Almeida aka san shi. A shekarar 2000 ya tara makaɗansa. Kafin nan ya buga ƙwallon ƙafa har ya yi suna, ya zauna kujerar shari'a a kotu, ya kuma yi aiki da gidan marayu na SOS. Da rana ya saurari masu ƙara, da dare ya rataya jita. A ƙasar da aka daɗe ana cewa kiɗa gado ne, ɗan makaɗi shi ke kiɗa, wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya duba.

Tal National takan yi wasa biyu a dare ɗaya, a unguwa biyu, a lokaci guda. Ba siddabaru a ciki. Makaɗan sun haura goma, sai su rabu gida biyu, waɗannan su tafi gidan biki, waɗancan su nufi wani dandali. Dare biyar suke kiɗa a mako, wasa ɗaya kuma yakan kai awa biyar. Idan gayyata ta zo daga Turai ko Amurka, mutum shida ke shiga jirgi, sauran su tsaya su riƙe bukukuwan gida, don kada amarya ta rasa makaɗa saboda an tafi yawon duniya. Faifansu kuwa a shataletalen Yamai suka riƙa sayar da shi, hannu da hannu, ga masu mota da masu babur.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne ba su bi kowa ƙasarsa don a ɗauki muryarsu ba. Wani mai haɗa sauti daga birnin Shikago, Jamie Carter, shi ya ɗauko na'urorinsa ya iske su a Yamai. Daga wannan haɗuwa aka samu A-Na Waya a 2008, sannan Kaani, wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa duniya a 2013, sai Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018. A cikin ƙungiyar akwai Bahaushe, akwai Bazabarme, akwai Bafillace, akwai Buzu, kowa da harshensa a waƙa, kalangu kuma na kuka a gefen gangunan zamani. Mu na gabas muna da rabo ko a sunan: wanda ya bi hanyar Difa, ya wuce Gure da Maine Sorowa har Ngigmi, zai ji ana ambaton Tal, hamadar farin yashi da ke kusa da garin.

Mdou Moctar, ɗan Azawak na jahar Tawa, da hannunsa ya ƙera jitarsa ta farko. Katako ya samu, tsirkiya kuwa wayar birkin keke ce. Bahago ne, har yau da hagu yake kaɗawa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, sai ga waƙar Tamashek ta fito da ƙamshin Kano. Babu kamfanin da ya rarraba faifan. Daga waya zuwa waya ya yi tafiyarsa, ta bulutut da mamori, har ya ƙetara Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin Sahel, Christopher Kirkley, ya ji shi, ya shiga cigiyar mai muryar. Wato mai cajin waya da ke zuba wa matasa waƙoƙi ranar kasuwa a Bune, hanyar da yake kai ita ce dai hanyar da ta fitar da Mdou. A 2015 ya fito a fim da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, aka ɗauka a Agadas. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma a Amurka ya riske shi da abokan kiɗansa, iyakoki suka rufe, komawa gida ta gagara na ɗan lokaci. Maimakon zaman jira, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti suka sake rera waƙoƙin sabon faifansu da jita marar wuta.

Ganga daga turmi: abin da matan Buzaye ke kira tende turmin daka ne, a shimfiɗa masa fatar akuya a jiƙa ta da ruwa. Da shi ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta zagaya duniya, daga wani ƙauye na yankin Abalak. Jagorarsu, Fatou Seidi Ghali, da jitar yayanta ta koya wa kanta kiɗa, a lokacin da ake ganin jita kayan maza ce. Faifansu Eghass Malan ya fito a 2017.

Etran Finatawa ƙungiya biyu ce ta zama ɗaya. Buzaye masu jita da Bororo masu tafi da waƙar amshi, dukansu ƴan Nijar, sai a bikin hamada na kusa da Tumbuktu, a 2004, suka hau dandali tare, suka dawo gida a matsayin ƙungiya guda. Mutanen da suka daɗe suna haɗuwa a bakin rijiya ɗaya, wani lokaci da zaman lafiya, wani lokaci da tsamin rai kan ruwa da makiyaya, ga su suna amsa wa juna waƙa. Cikin kayan kiɗansu har da ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa.

Yacouba Moumouni, mai sarewar ƙungiyar Mamar Kassey, tun yana yaro ya tako da ƙafa daga yankin Tera zuwa Yamai. A 1995 aka kafa ƙungiyar, faifan Denké-Denké ya fito a 1999, sunan kuma ya bi shi har ya zama laƙabinsa.

Bombino na Agadas ya taɓa yi wa ƴar fim Angelina Jolie jagora a hamada. Tawayen 2007 ya kore shi zuwa Burkina Faso. A 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Da faifansa Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga jerin ƴan takarar kyautar Grammy.

Yanzu ga namu. Malam Maman Barka a Tasker aka haife shi, garin da ya daɗe a ƙarƙashin gundumar Gure kafin a ba shi tasa. Batube ne, kuma malamin makaranta, abin da ya sa “Malam” ta manne wa sunansa. Da gurumi ya fara, ya yi suna a Nijar da arewacin Nijeriya, yana waƙa da Hausa da Barbarci da Tubanci. Mutum ne da ya riga ya samu abin da mawaƙi ke nema, amma a 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya ajiye sunan da ya yi ya koma ɗalibi. Ya tafi bakin tafkin Chadi wurin wani dattijon Buduma, Boukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram.

Biram tsirkiya biyar gare shi, jikinsa kuma dogon itace ne da aka fafe da siffar kwalekwale, kamar yadda ya dace da kayan kiɗan masunta. Buduma ba sa ɗaukarsa abin wasa. Suna danganta shi da iskan tafki, akwai ladabin da ake yi masa. Tun farin shekarun 1970 da 1980 tafkin ya ja baya ƙwarai, rayuwar tsibirai ta sauya, samari suka kama wasu hanyoyin neman abinci, ba mai zama gaban tsoho ya koyi waƙoƙin kakanni. Malam Barka ya zauna. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da harshen Buduma, wanda ba nasa ba, tsohon kuma ya damƙa masa biram ɗinsa. Da wannan amana ya hau dandalin bikin WOMAD a Ingila a 2008, tare da makaɗinsa Oumarou Adamou mai duma da kalangu da ƙwarya, a 2009 kuma faifansu ya fito a Landan. Ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansa da rahama.

Wannan labari yana taɓa ni fiye da duk sauran, domin ba nesa da mu ya faru ba. A ƙasar Manga, daga Bune zuwa Gure, algaita da ganga ba su bar fadar masu sarauta da gidan biki ba tukuna, amma a duba shekarun masu busa su. Makaɗi ba ya barin takarda. Ranar da aka binne shi, an binne taken da ke kansa. Biram ya samu malamin makaranta ɗaya da ya ɗauki jaka ya je ya zauna. Yau aikin ya fi sauƙi, wayar da ke aljihun kowane saurayi a fada tana ɗaukar murya, abin da ya rage shi ne a je a gai da tsohon, a nemi izininsa, a biya shi haƙƙinsa.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A tsibiran yammacin Sikotlan akwai harshen Galik, wanda masu magana da shi ba su kai dubu 60 ba a ƙidayar 2011. A 1973, a tsibirin Skye, wasu ƴan'uwa biyu, Rory da Calum Macdonald, suka kafa ƙungiyar Runrig tare da abokinsu, suna kiɗan raye-rayen ƙauye. Suka ɗora harshen iyayensu a kan jitar lantarki, a 1995 wata waƙarsu ta Galik ta shiga cikin 20 da suka fi kasuwa a Birtaniya. Su ma ba su tsaya ga kiɗa kaɗai ba: mawaƙinsu Donnie Munro ya bar ƙungiyar a 1997 ya shiga siyasa, mai kaɗa musu fiyano Pete Wishart ya zama ɗan majalisar dokokin Birtaniya a 2001. Wata ƴar sama jannati, Laurel Clark, ta tafi da faifansu cikin kumbon Columbia. Kumbon ya tarwatse a hanyar dawowa ranar 1 ga Fabrairu 2003, aka tsinci faifan cikin tarkacen a jihar Teksas, iyalinta suka miƙa wa ƙungiyar. A Agustan 2018 suka yi wasan bankwana a garin Stirling, bayan shekara 45.

Mu dawo gida. Mamman Sani Abdoulaye kuwa, ƴan Nijar da yawa sun san kiɗansa ba su san sunansa ba, domin shi ake sakawa tsakanin shirye-shirye a gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Wata na'urar fiyano ta lantarki ƙirar Italiya ya saya a hannun wani ɗan Ruwanda, ya riƙa kaɗa sautukan gargajiyar Nijar a kanta. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa, aka buga ƴan kwafi kaɗan. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, aka fara gayyatarsa wasa a Turai, shekara 35 bayan ɗaukar kaset ɗin.