Kafin Ka Gayyato Baƙo Kallon Hawan Daushe

Mutumin Tudun Wadan Zariya ba sai an koya masa karɓar baƙo ba, domin unguwar tasa da ma don baƙi aka kafa ta. Turawan mulki ne suka ware ta a bayan ganuwa domin 'yan Arewa da suka zo aiki ko ciniki amma ba haifaffun Birni ba ne, kamar yadda suka ware Sabon Gari domin waɗanda jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu. A yau akwai malamin jami'a a unguwar Kongo da ke son abokin aikinsa na Jamus ya zo ya ga hawan Sallah, akwai kuma dattijon da jikokinsa suka tashi a Ingila da fasfon can, yana so su zo su ga tushensu. Dukansu tambaya biyu ke gabansu: me za a nuna wa baƙon, kuma da wace takarda zai shigo Najeriya?

Ta farkon ta fi sauƙi, ko da yake mu da muke zaune kusa mun daina ganin abin da muke da shi. Wanda ya tsallaka Ƙofar Doka ya shiga Birnin Zariya, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, tana nan a wasu wurare, a wasu kuwa ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini sun cinye ta. Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kibo, Ƙofar Jatau, Ƙofar Tukur-Tukur, kowace da labarinta, sai dai baƙo zai sha wuya kafin ya ga allon da aka rubuta labarin a kai. Dole mai masauki ya zama shi ne allon.

Abin da ya fi cancanta a daɗe a gabansa shi ne Masallacin Juma'a na ƙofar fada. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, shi ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Babu siminti babu ƙarfe, ƙasa ce da azara, amma ya ɗaure bakan gizo ya ɗora tulluwa a kan ginshiƙai masu zane, har masana gine-gine na duniya suke lissafa aikin a sahun gaba na ginin ƙasa a Afirka. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana shi, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare. Mai wucewa a titi ba zai san akwai wani abu a ciki ba. A ganina wannan shi ne babban abin nunawa a Zariya, ya fi dawaki ma. In baƙon ba Musulmi ba ne, a nemi izini tukuna, kuma a kauce wa lokutan salla.

Hawan dai shi ke jawo mutane. Hawan Bariki da Hawan Daushe, 'yan lifidi da 'yan kwalkwali, bindigar gargajiya, algaita da kakaki, da jafin da hakimai ke yi wa Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau gadon sarauta a 2020 bayan Shehu Idris da ya yi shekara 45 a kai. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma duk Bazazzagin da ka taɓa zai ce maka nasu bai gaza ba. Sai a tuna cewa ganin wata ne ke tsayar da rana, kuma akwai shekarun da aka fasa hawa, kamar lokacin korona. Kada a yanki tikitin da ba ya canzuwa.

Daga nan sai Dutsen Kufena, wanda ya fi daɗin hawa da sassafe a lokacin sanyi, da cocin ƙasa na Wusasa da aka gina a 1929, da Kamfanin Gaskiya inda Abubakar Imam ya yi aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Mai son daji sai a kai shi Yankari a Jihar Bauchi, ya ga giwaye ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Mai ƙarfin ƙafa da isasshen lokaci akwai Gashaka-Gumti da tsaunin Mambila a Taraba, akwai Sukur a Adamawa, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999.

To, takardu. A nan ne ake yawan samun cikas, galibi saboda mai masauki yana aiki da labarin da ya tsufa.

'Yan ƙasashen ECOWAS ba sa bukatar biza. Yarjejeniyar 1979 ta ba su damar shigowa da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar su zauna har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, amma ECOWAS ta sanar cewa a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku suna shige da fice ba biza har sai an yanke wata shawara. Wato ɗan'uwanka na Maraɗi zai iya zuwa, amma ya riƙo takardar shaida, ya bi ta kan iyakar hukuma kamar ta Jibiya, ya tabbata an buga masa hatimi. Zumunci ba ya maye gurbin hatimi a shingen jami'ai.

Bature ko Balarabe ko ɗan Asiya kuwa sai da biza. Daga ranar 1 ga Mayu, 2025, Hukumar Shige da Fice ta daina tsarin nan na karɓar biza a filin jirgi, ta koma bayar da ita ta intanet. Mai nema zai cika fom a shafin hukumar, ya ɗora hoton fasfonsa wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya mutu, da hoton fuskarsa, da tikitin komawa, da shaidar otel ko adireshin mai masauki, da takardar banki da ke nuna zai iya ɗaukar nauyin kansa. Bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 ce, shiga ɗaya, ba a yin aiki da ita, kuma ba a tsawaita irin wadda aka karɓa ta intanet. Akwai katin sauka da na fita, su ma ta intanet ake cika su. Wanda ya zarce wa'adinsa an sa masa tarar dala 15 a kowace rana, in abin ya yi tsawo a hana shi shigowa na shekaru. Mu da al'adarmu ce mu riƙe baƙo mu ce "haba, ka ƙara mako ɗaya mana", ya kamata mu duba ranar da ke kan takardarsa kafin mu buɗe baki.

Jikokin nan masu fasfon waje su ma a idon jami'in filin jirgi baƙi ne, sai in an yi musu fasfon Najeriya. Dokar ƙasa ta yarda ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe biyu, don haka wannan ce hanyar da ta fi kwanciyar hankali.

Sai katin rigakafin shawara. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya kamar bai yi ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ba sharaɗin shiga ba ne, amma wanda bai tashi a nan ba kada ya yi wasa da shi, musamman da damina.

Maganar tsaro kuma ba a ɓoye wa baƙo ita. Amurka da Ingila suna gargaɗin mutanensu game da zuwa Jihar Kaduna, kuma wannan gargaɗi kan sa kamfanin inshora ya ƙi ɗaukar nauyin matafiyi. Gandun dajin Kamuku na Birnin Gwari yana cikin jiharmu, amma ba wurin kai baƙo ba ne sai an tabbatar da lafiyar hanya. Mafi sauƙi ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, a ɗauko shi da rana. In ta Abuja ya biyo, akwai jirgin ƙasa zuwa Rigasa, daga nan mota ta ƙaraso da shi kafin magariba. Wanda ke shirin Ƙaramar Sallah ya fara tara takardun nan tun cikin Sha'aban, ya kuma sake duba shafin hukumar kafin a biya kuɗi, domin ƙa'idojin kan canza.