Nazari Kan Yawaitar Ire-iren Ƙwayar Rota Mai Sa Yara Zawo

Duk wanda ya saba shiga ɗakin kwantar da yara a asibitocin Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, ya san cewa da zarar hunturu ya kama, sai gadaje su cika da jarirai masu amai da zawo, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, uwaye kuwa suna ta cewa haƙori ne. Alhali kaso mafi girma na wannan zawo mai tsanani aikin wata ƙwayar cuta ce daga jinsin bairus, ana ce da ita Rota, wadda wata malama mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta suka fara gani cikin hanjin yara a birnin Melbon na Ostareliya a shekarar 1973. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta halaka yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 215,000 a cikin 2013 kaɗai, kusan rabinsu kuma daga ƙasashe 4 ne, wato Indiya, Nijeriya, Pakistan da Kwango ta Kinshasa. Mas'alar da ta ɗauki hankalin masana ita ce, ire-iren wannan ƙwaya suna ƙaruwa, masu rinjaye a cikinsu kuma suna sauyawa, har wasu suka fara tambaya ko rigakafin da ake ɗiga wa jarirai zai iya cim musu.

Asalin al'amarin yana cikin halittar ƙwayar kanta. Bayanin gadonta ba a dunƙule yake ba, a rarrabe yake yanki 11, kowane da aikinsa, biyu daga ciki kuma su ne ke ƙera rigar da garkuwar jiki take gane ta da ita. Da waɗannan biyun masana suke yi wa kowane iri laƙabi, ɗaya da harafin G, ɗaya da harafin P, kamar a ce G1P8. To, idan iri biyu suka haɗu cikin hanjin yaro guda a lokaci guda, 'ya'yan da za su fito suna iya ɗaukar wasu yankuna daga wannan, wasu daga wancan, kamar littattafan malami biyu marasa ɗinki da suka zube daga gafaka, almajiri ya tattara warƙoƙin a gurguje, aka sami littafi na uku wanda babu wanda ya wallafa shi. Ban da wannan, ƙwayar tana yawan kuskure wajen kwafar kanta, kurakuran kuma suna taruwa sannu a hankali.

A da, iri 4 ne suka mamaye duniya, daga G1 zuwa G4. Sai G9, wanda aka fara ganowa a Amurka a 1983, ya bazu a tsakiyar shekarun 1990. G12, wanda aka fara gani a Filifin a 1987, ya biyo sahunsa bayan shekarar 2000. Daga wajen 2013 kuma aka ga wani G3 mai kama da na dawakai ya ɓulla a Ostareliya da Japan da Tailan, ya tsallaka Turai da Barazil. Amma Afirka ta fi ko'ina cakuɗa, domin a nan ne ake yawan samun G8, wanda asalinsa na shanu ne, da P6, wanda ba safai ake ganinsa a yaran Turai ba.

Dalilan haka, a ganina, biyu ne suka fi nauyi. Na farko zaman da muke yi: inda cunkoso ya yi yawa, yaro yana iya kamuwa da iri biyu gaba ɗaya, inda kuma garke yake kwana a gefen ɗaki, ƙwayar ɗan maraƙi da ta jariri ba sa rasa wurin haɗuwa. Na biyu kuwa ya fi ban mamaki, don yana cikin jikin yaron ne. Ƙwayar takan kama bangon hanji ta hanyar wasu sinadarai na rukunin jini da ake gada daga iyaye, cikinsu akwai wanda ake kira Lewis, wanda marasa shi suka fi yawa a Afirka bisa Turai. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2014, ya nuna P6 ya fi kama yaran da ba su da shi, P8 kuma masu shi. Ashe ke nan kowace al'umma, ba da saninta ba, tana zaɓar irin da zai zauna a cikinta.

Akwai masu ƙara dalili na uku, su ce rigakafin ne ya kori tsofaffin ire-ire ya buɗe wa sababbi fili. Hujjarsu ita ce, bayan Barazil ta fara amfani da rigakafin Rotarix a 2006, wanda aka yi shi da G1P8 kaɗai, sai G2P4 ya yi rinjaye. Wannan magana ba a jefar da ita gaba ɗaya, amma tana da rauni, domin a daidai lokacin an ga G2P4 ya taso a maƙwabtan ƙasashen da ba su soma rigakafin ba tukuna, G9 da G12 kuma sun riga rigakafin yaɗuwa. Abin lura kuma, rinjaye cikin 'yan kaɗan ɗin da suka rage suna kamuwa ba ya nufin cutar ta ƙaru.

Sai mu koma ga illar da aka fi tsoro. Tabbas ne rigakafin bai kai ƙarfin da yake da shi a Turai ba idan ya zo Afirka: can yana hana zawo mai tsanani da fiye da kashi 90 cikin 100, amma gwajin da aka buga a 2010 ya ba da kashi 77 a Afirka ta Kudu, da 49 a Malawi. Mai gaggawar hukunci zai ce saɓanin iri ne ya jawo, sai dai da aka bi sakamakon dalla-dalla an tarar kariyar da ya bayar daga G1 da wadda ya bayar daga sauran ire-ire ba su yi nisa da juna ba. Saboda haka magana mafi rinjaye a wurin masana ita ce a nemi illar a wasu wurare, kamar tamowa, da cututtukan da suka riga suka gajiyar da hanjin yaro, da garkuwar da ya samu daga uwa wadda kan danne rigakafin kafin ya kama. A Madarumfa ta jihar Maraɗi an gwada wani rigakafi, Rotasiil, mai jure zafi, a kan jarirai kimanin 3,500, sakamakon da aka buga a 2017 ya ba da kusan kashi 67. Kuma a inda cuta ta yi katutu, kashi 67 yana ceton rayuka fiye da kashi 90 a inda ba ta kisa.

Wani abin da ya kamata a ambata, cakuɗar nan ba sharri ce zalla ba. Rotavac, wanda Nijeriya ta shigar cikin rigakafin yara a watan Agusta na 2022, bayan Sudan ta fara ɗiga wani rigakafin Rota a 2011, Ghana a 2012 da Nijar a 2014, an samo shi ne daga wani iri da ya haɗa na mutum da na shanu da kansa, aka tsince shi a jikin jarirai a wani asibitin Delhi cikin shekarun 1980, bai kuma sa su ciwo ba. 

Hukuncina shi ne, yawan ire-iren Rota dalili ne na sa ido, ba hujjar barin rigakafi ba ne. Wajibi ne hukumomin lafiya su dinga ɗibar kashin yaran da aka kwantar suna aika shi ɗakunan bincike irin cibiyar Noguchi ta Ghana, domin a san irin da ke yawo kowace shekara. Iyaye kuma su kai jarirai a ɗiga musu tun daga mako 6 da haihuwa, su cika adadin; idan zawo ya kama yaro a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, a daina sayen kafso a kemis, domin kafso ba ya kashe bairus.