Yadda ake ƙara wa manhajar kwamfuta sauri

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Lambobi biyu kaɗai take ganewa: 0 da 1. Saboda haka duk umarnin da mutum ya rubuta mata, sai an fassara shi zuwa harshen inji.

Hanyoyi biyu na fassara

Ka dubi kasuwar Dakoro. Idan Bahaushe da Ba'abzine za su yi cinikin raƙumi, wani lokaci sai an nemo tafinta. Kowace magana sai ta bi ta bakinsa. Ciniki yana yiwuwa, amma yana ɗaukar lokaci. Haka harshen kwamfuta mai suna Python yake aiki: tafintansa yana bin umarni ɗaya bayan ɗaya. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar da shi a 1991. Yana da sauƙin koyo, sai dai yana da nawa wajen lissafi mai yawa.

Hanya ta biyu kamar wasiƙa ce da aka fassara sau ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ba a sake neman tafinta. Haka harshen C yake, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972. Yana da sauri ƙwarai, amma rubuta shi yana da wuya.

Haɗa su biyun

Mai tuwo takan yi girkinta da hannunta, amma ta aika da hatsi injin niƙa. Haka masu rubuta manhaja suke yi. Suna rubuta yawancin aikin da Python, sannan su rubuta ɓangaren da ya fi nauyi da C, su liƙa shi. Wannan ɓangare shi ne ƙari.

Ina ruwanka da wannan?

Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana amfani da hotunan tauraron ɗan'adam don lura da ruwan sama da ciyawa a ƙasashen Sahel. Hoto ɗaya yana ƙunshe da miliyoyin ɗigo, kuma kowane ɗigo sai an yi masa lissafi. Idan irin wannan lissafi ya yi jinkiri, labarin ƙarancin ciyawa a kwarin Tarka ba zai iso wa makiyayi kan lokaci ba. Don irin wannan aiki ne aka yi NumPy a 2006, wanda ƙari ne na Python da aka rubuta ɓangarensa mai nauyi da C.

Matakan aikin

1. Ka fara auna inda manhajar take ɓata lokaci.
2. Ka rubuta wannan ɓangaren kaɗai da C.
3. Ka yi masa ƙofa: wurin da zai karɓi lambobi daga Python, ya kuma mayar da amsa.
4. Ka sa manhajar fassara, kamar GCC, ta juya shi zuwa harshen inji.
5. Ka kira shi daga Python, ka gwada ko amsarsa ta yi daidai da ta dā.

Abin lura

Python yakan nuna maka inda ka yi kuskure. C ba ya yawan yin haka: ƙaramin kuskure yana iya tsayar da manhajar baki ɗaya. Kuma a cikin C, kai ne za ka mayar da wurin ajiya da ka ara daga kwamfuta. Idan ka manta, ma'ajiyar za ta cika sannu a hankali. Haka nan ƙarin da aka fassara don Windows ba zai yi aiki a Linux ba, sai an sake fassara shi.

Saboda haka idan kai ko ɗanka kuna koyon wannan sana'a, ku fara da Python. Kafin ku rubuta sabon ƙari, ku bincika ko wani ya riga ya rubuta irinsa, domin da yawa ana samunsu kyauta.