Asalin Kalmar Godiya A Littattafan Kirista Na Farko

Akawu da malamin makaranta aikinsu ɗaya ne ta wani fanni, watau ɗauko magana daga wani harshe a mai da ita Hausa. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje tarihin wata kalma guda, don a ga yadda ma'ana take sauyawa in zamani ya tura.

Littattafan da Kirista ke kira Sabon Alkawari da harshen Yunanawa aka rubuta su, wanda ake ce wa Helenanci. A cikinsa kalmar godiya ita ce yukaristiya. Gaɓa biyu aka haɗa: yu, watau mai kyau, da karis, watau alheri ko baiwa. Ke nan mai godiya shi ne wanda aka yi wa alheri ya karɓa da kyau, ya kuma nuna ya san an yi masa. Bahaushe ma ya ce yaba kyauta tukwici. Har yau mutumin ƙasar Girka in zai ce na gode, efharisto yake cewa, tushensu ɗaya.

Kalmar ta zo sau 15 a Sabon Alkawari, aikatau ɗinta kuwa kusan sau 40, galibi a wasiƙun Bulus. Iri uku ake amfani da ita. Na ɗaya, godiya ga mai mulki. A Ayyukan Manzanni wani lauya mai suna Tartulus ya buɗe ƙararsa a gaban Gwamna Filikus da ita, amma fadanci ne kurum, don a saurare shi. Na biyu, godiya ga Allah. Linjilar Luka ta kawo labarin kutare goma da aka warkar ta hannun Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ɗaya tak ya komo ya gode, shi ma baƙo ne, Basamariye. Na uku, godiya a kan abinci. Littattafan sun ce a cin abincinsa na ƙarshe da almajiransa ya ɗauki gurasa ya yi godiya kafin ya gutsuttsura.

To, wannan na ukun shi ya rinjayi sauran. Wani ɗan littafi na koyarwa mai suna Didake, wanda aka gano a Istambul a 1873, ya kira addu'ar gurasa da ƙoƙo da wannan suna. Wajen shekara ta 155 wani malami, Yustinus, ya rubuta wa Sarkin Rum cewa abincin kansa yukaristiya suke kiransa. Kalmar da take ta kowa da kowa ta zama sunan ibada ɗaya.

Ina ruwan mutumin Isa ko Sabon Birni da wannan? Da ruwansa ta hanya biyu. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a cikin Infaƙul Maisuri da ya wallafa a 1812, ya kawo riwayar cewa asalin Gobirawa Kibɗawan Masar ne. Riwaya ce ta kaka da kakanni, amma abin lura shi ne Kibɗawa da baƙaƙen Yunanawa suke rubutu, sun kuwa ari wannan kalma ɗungum cikin addu'o'insu. Hanya ta biyu ta fi kusa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A can ne mishan na S.I.M. suka zauna tun kafin 1930, da Hausa kuma suke karantarwa.

Masu fassara sai da suka yanke shawara. Schön ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa a 1880, Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka kammala Littafin duka a 1932. A fassarar Hausa, inda nassi ke nufin nuna jin daɗin alheri godiya aka sa. Ita ibadar kuwa an ba ta sunanta dabam, Jibin Ubangiji, Katolika kuma suna cewa Yukarist. Da an cusa ma'anar baya cikin kowane wuri, da an sa Tartulus yin ibada a gaban alƙali.

Irin wannan tarko yana cikin namu harshe. Na gode dabam, madalla dabam, alhamdu lillahi dabam. Manomin fadamar Isa in ya cika rumbu da damman gero, hamdala yake yi ga Allah, maƙwabcin da ya zo masa gayya kuwa godiya yake yi masa. Malaman Larabci ma sun raba shukru da hamdu: shukru sai a kan alherin da aka yi maka, hamdu kuwa yabo ne ko ba a ba ka kome ba.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu masu koyon aikin malanta, da akawuna masu juya takardu. In kun gamu da kalma, kada ku tsaya ga ƙamus kaɗai. Ku tambaya wa ya faɗe ta, ga wa, a wane zamani. Kuskuren fassara ɗaya yana iya ɓata shari'a, ko ya haɗa maƙwabta masu addini dabam dabam rigima a kan abin da ba wanda ya faɗa. Allah ya sa mu cikin bayinsa masu godiya, amin.